Wa Ya Ƙone Tumatir Ba da Wuta Ba?

A ranin 2016 manoman tumatir na Kadawa da Kura a Jihar Kano sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Gona tana kore shar yau, bayan kwana kaɗan sai ganye ya yi fari-fari, ya bushe kamar an bi shi da wuta. Annobar ta yi tsanani har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu. Manoma suka laƙaba mata suna sharon.

Da farko an zargi zafin rana da ƙarancin ruwa. Amma gonar da ta sha ban-ruwa ta ƙoshi ma ba ta tsira ba. Aka koma feshi safe da yamma, ɓarna ba ta tsaya ba.

Sai da aka ɗaga ganye a hasken rana asiri ya fara tonuwa. Tsakanin fatar sama da ta ƙasa akwai 'yar tsutsa tana cin tsokar ganyen, ta bar fatar kamar leda. Shi ya sa magani bai same ta ba, tana cikin ɗakinta. To, ta ina ta shiga?

Amsar tana bayan ganyen. A can ake samun ƙananan ƙwai masu ruwan madara, ɗaiɗai, kowanne bai kai rabin milimita ba. Cikin kwana huɗu zuwa shida suke ƙyanƙyashewa, tsutsar ta huda ganye ta shige, daga baya ta kai ga 'ya'yan.

Saura mai ƙwan. Da rana ba a ganinta, tana laɓe cikin ganye. Da magariba take fitowa: 'yar malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, ba ta wuce milimita 7 ba. Masana suna kiranta Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, sannan ta tsallako Afirka. Mace guda tana iya zuba ƙwai kimanin 260, kuma a yanayin zafi cikin wata ɗaya 'ya'yanta ma sun fara nasu.

Ashe yaƙin tun daga ƙwai ake cinsa. Manomi, juya ganyenka ka duba bayansa tun shuka tana ƙarama. Kafa tarkon da ke jawo mazan da ƙamshin mace, ka tsinke ganyen da ya kamu, ka ƙone ragowar gona bayan girbi. Ranar da ganye ya yi fari, an riga an makara.