Wa ke gaya wa fuskar waya cewa abu ya canza?

A Gure, kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Diffa, wayar hannu ta zama kayan aikin ɗan kasuwa: da ita ake tambayar farashin gero da kanwa, da ita ake jiran kuɗi daga ɗan'uwa da ke Kano ko Libiya. Kuɗin na shiga, adadin da ke kan fuskar wayar sai ya sauya ba tare da an taɓa komai ba. Akwai tsari a bayan wannan, kuma shi ke sa wata manhajar ta yi sauƙi, wata kuma ta yi nauyi tana shan caji.

Manhaja kashi biyu ce: inda ake ajiye bayani, da abin da ido ke gani. Akwai hanya biyu da fuskar za ta san bayanin ya canza. Ta farko ita ce ta riƙa leƙa ma'ajiya kowane lokaci ko an samu sabon abu, wanda ɓarnar batir ce. Ta biyu, duk ɓangaren da ya damu da wani bayani ya rubuta sunansa a matsayin mai sauraro, in abin ya canza a sanar da shi, kamar yadda sankira ke zaga gari da saƙon sarki, ba sai kowa ya je fada tambaya ba. Trygve Reenskaug, ɗan ƙasar Norway, ya fayyace wannan rabo a 1979 lokacin da yake cibiyar binciken Xerox a Kaliforniya, sannan Erich Gamma da abokansa uku suka sanya dabarar mai sauraro cikin littafinsu na tsare-tsaren manhaja a 1994. Yau tana cikin kusan kowane rumbun kayan gini da masu rubuta manhaja ke ɗebo maɓallai da akwatunan rubutu daga ciki.

Wahalar tana wajen iya sanarwar. Fuskar wayoyi da yawa tana sabunta hotonta sau 60 a daƙiƙa, wato kowane zane yana da abin da bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Ka ce saƙo ya zo ya canza abu goma a tare: suna, adadi, kwanan wata da sauransu. In rumbun ya yi shela sau goma, za a yi lissafin zanen sau goma, alhali na ƙarshen kaɗai ido zai gani. Maganin shi ne a tara canje-canjen a sanar sau ɗaya, kuma React, rumbun da Facebook ya fitar a 2013, ya faɗaɗa wannan tarin ya zama na kai tsaye a sigarsa ta 18, a watan Maris na 2022. Akwai kuma shelar banza, inda aka maye 500 da 500 aka tayar da kowa. Kayan JavaBeans na harshen Java suna kwatanta tsohon adadi da sabo, in ɗaya ne su yi shiru. Gyara ne na layi biyu, amma har yau ana mantawa da shi.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne mai sauraron da ya mutu ba a goge sunansa ba. Ka rufe shafi, amma ma'ajiya tana riƙe da shi a jerinta, don haka wayar ba za ta iya kwashe shi daga ƙwaƙwalwarta ba. Ka buɗe, ka rufe, ka sake buɗewa, gawarwaki suna taruwa, kowace shela kuma sai ta bi ta kansu. Shi ya sa kashe waya a kunna yakan warkar da ita na ɗan lokaci. Google ya kawo LiveData a Android a 2017 don wannan: yana sanar da shafin da ke buɗe kawai, in an rushe shafin ya cire shi da kansa. A shekarar ne kuma Java ta 9 ta ayyana tsohon tsarinta na Observable a matsayin wanda ya kamata a daina amfani da shi.

A ganina, an fi jin ciwon wannan sakaci a wuri irin Gure fiye da inda aka rubuta manhajar. Mai rubutun yana gwaji da waya mai tsada wadda ke haɗiye ɓarnar ba a gani. Mai ƙaramar Itel ko Tecno, cikin zafin bazara, da cajin da wataƙila biya ya yi aka sa masa, shi ne zai danna ya ji shiru, in daƙiƙa 5 suka wuce Android ya ce manhajar ba ta amsawa. Ko an gyara rumbun, sai mai manhajar ya ɗauki gyaran ya fitar da sabuwar siga, sannan mai wayar ya yarda ya kashe megansa ya sauke ta. Da yawa sukan jinkirta, ko su karɓi tsohuwar ta Xender daga wayar aboki, su gaje ta har da laifinta.