Yadda Falke Zai Canja Batirin Agogonsa da Kansa

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen farashi da kuɗin hanya, mu duba wani ƙaramin abu da ke ɗaure a hannun kowannenmu, wato agogo.

Wani zai ce me ya rage wa agogo tunda ga waya a aljihu? To, wanda ya taɓa rako shanu daga Ngaundere zuwa Duwala ba zai faɗi haka ba. Tafiya ce ta sama da kilomita 800, ko a jirgin ƙasa ko a babbar mota, kuma ba ta yini ɗaya ba ce. Kafin a iso Bonaberi cajin waya ya ƙare, agogon hannu ne kaɗai zai gaya maka lokacin salla da lokacin da ka yi alkawari da mahauta. Wani sauƙin kuma, Kamaru da Nijeriya da Nijar da Cadi da Gabon duk lokacinsu ɗaya ne. Idan ka saita agogonka a Mubi, haka za ka kai shi Kye-Ossi ba ka taɓa shi ba.

Dalilin wannan rubutu hasara ce da ta same mu. Muna da wani agogo da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya zo da shi daga aikin Hajji. Ranar da ya tsaya muna sauri, sai muka miƙa wa wani mai tebur a bakin titi, ya sa masa batir mai araha, ya mayar da murfi. Ashe zoben robar da ke hana ruwa shiga ya faɗi, bai gaya mana ba. Damina ɗaya aka yi, da aka sake buɗe agogon sai ga farin gishiri da tsatsa sun cinye cikinsa. Kuɗin batirin ƙwarai bai kai na ɗaurin ciyawa ba, amma agogon nan ya tafi ke nan. Tun daga lokacin muka koyi yin abin da hannunmu, kuma muka gane cewa canjin batir ba wuya. Abubuwa biyu ne ke kashe agogo a garin nan: batirin banza da danshi.

Da farko ka tabbata batir ne

Ba kowane agogo ke da batir ba. Irin Seiko 5 da dattawanmu ke so da motsin hannu yake aiki, idan ya tsaya girgiza shi ake yi, ko a kai shi wanki wurin mai gyara. Agogon batir kuwa, wanda ake rubuta QUARTZ a fuskarsa, kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da shi a watan Disamba na 1969. A cikinsa akwai wani ɗan dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ku masu lissafi ku raba wannan adadi biyu, ku sake rabawa, har sau 15, za ku ga ya dawo ɗaya. To ɗayan nan ita ce daƙiƙar da hannun agogo ke bugawa.

Alamun mutuwar batir sanannu ne. A agogo mai lambobi, rubutun zai dusashe, musamman idan ka danna fitila. A wasu masu hannu kuma, hannun daƙiƙa zai riƙa tsallake biyu-biyu ko huɗu-huɗu. Ba lalacewa ya yi ba, gargaɗi yake yi maka. Kafin ka buɗe, duba ɗan kan da ake saita lokaci da shi a gefe, don idan ya fito waje agogo yakan tsaya ko da batirinsa sabo ne.

Sai a kula da wani nau'i guda. Agogon da ke cin hasken rana, kamar masu rubutun Eco-Drive ko Tough Solar, batirinsa mai caji ne na musamman. Kada a sa masa batir na yau da kullum, yana iya fashewa a ciki. Shanya shi a haske tukuna, in bai tashi ba a kai wa gwani.

Lambar batir

Kowane batir da lambarsa a bayansa, kuma lambar ita ce awonsa. Casio F-91W, ɗan baƙin nan da ya fito a 1989 wanda har yau yana hannun makiyaya da yaran mota, yana cin CR2016. Wato faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 1.6, ƙarfinsa volt 3, kuma kamfanin ya ce yana kai shekara bakwai. Akwai CR2025 da CR2032, faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi shi kauri, saboda haka kada ka matsa ɗaya a gurbin ɗaya.

Agoguna masu hannu yawancinsu ƙananan batura suke ci masu farawa da SR, ƙarfinsu volt 1.55, suna yin shekara biyu zuwa uku. Waɗanda aka fi samu su ne SR626SW wanda kuma ake kira 377, da SR621SW wato 364, da SR920SW wato 371.

Nan ne wayon 'yan kasuwa yake. Akwai wani batir mai farawa da LR ko AG, misali LR626 ko AG4, wanda ake sayarwa birjik a jikin kwali. Girmansa ɗaya da 377, zai shiga gurbin daidai, agogo kuma zai tashi. Amma an yi shi ne don kayan wasan yara da ƙananan fitilu. Ƙarfinsa raguwa yake yi a hankali, ba ya daɗewa, kuma ya fi saurin zubar da ruwan gishirin nan mai cin ƙarfe. Na SR kuwa da sinadarin azurfa aka yi shi, yana riƙe ƙarfinsa har kusa da ƙarshe. Araha dai ba ta ado.

Idan za ka saya a Nkololoun ko Kasuwar Santaral, ka tafi da tsohon batirin ko ka rubuta lambarsa. Masu shago da Faransanci "pil" suke ce masa. Ka nemi sanannen suna kamar Maxell, Murata, Renata, Panasonic ko Energizer, a cikin ledarsa a rufe, ka duba shekarar ƙarewarsa. Jabu ma yana nan, don haka ka saya a shagon da za ka iya komawa gobe. Batirin da aka baje a tire cikin rana, bar musu kayansu.

Kayan aiki da wurin aiki

Ba ka bukatar kaya da yawa. Ƙaramar sukundireba irin ta gyaran tabarau, wuƙa siririya marar kaifi sosai, tsinken sakace guda biyu, farin ƙyalle mai tsabta, da ɗan faranti na zuba ƙusoshi. Wanda idonsa ya fara rauni irin namu ya sa tabarau.

Wurin aiki ya fi kayan muhimmanci. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya ninka na Kano sau uku ko huɗu, a watannin Yuli da Agusta kuwa iskar kanta a jiƙe take. Duk iskar da ka rufe a cikin agogo tana nan ciki. Saboda haka kada ka buɗe agogo a kara cikin ƙura, ko a baranda ana ruwa. Ka zauna a ɗaki busasshe mai haske, ka wanke hannu ka goge gumi, ka shimfiɗa ƙyallen ka kifa agogon a kai. Sannan ka goge dattin da ya taru a gefen murfi kafin ka buɗe, don kada ya faɗa ciki.

Buɗewa

Murfin agogo iri uku ne. Na farko mai ƙananan ƙusoshi huɗu, irin na Casio. Ka kwance su a hankali kana danna sukundireba sosai don kada kansu ya cinye. Na biyu murfin dannawa. Idan ka duba gefensa za ka ga wani ɗan leɓe, nan za ka sa bakin wuƙa ka murɗa kaɗan, kana nesanta ta da yatsunka. Na uku mai murɗawa ne, za ka ga tsaga-tsaga kewaye da shi. Wannan yana da mabuɗinsa na musamman. In ba ka da shi, kada ka sa almakashi ko ƙusa da guduma, kai wa mai gyara.

Da ka buɗe, kada ka taɓa komai tukuna. Ka ɗauki hoton cikin da wayarka, don ka san yadda kowane abu ya zauna. A agogo mai hannu za ka ga wani naɗin jan waya siriri kamar gashi. Ko kaɗan kada ƙarfe ya taɓa shi, ƙarzane ɗaya ya isa ya kashe agogon. A masu ƙararrawa kuma wani lokaci akwai ɗan sifirin da bai kai ƙwayar gero ba. In ya faɗi ƙasa da wuya a gan shi, kuma ƙararrawar asuba ta yi shiru ke nan.

Sa sabon batir

Batir yana zaune ne ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe. Wani turawa gefe ake yi, wani ɗagawa, wani kuma yana da ƙusa da za a sassauta. Ka fitar da tsohon da tsinke. Idan ka ga farin gari a gurbin, ka goge da busasshiyar auduga. In tsatsar ta yi nisa, aikin ya wuce na gida.

Kada ka kama sabon batir sama da ƙasa da matsefatar ƙarfe, domin haɗa fuskokinsa biyu da ƙarfe yana zuƙe masa wuta. Kada kuma ka shafa masa gumin yatsa. Ka ɗauke shi da tsinke biyu ko da gefen ƙyalle. A mafi yawan agoguna fuskar da ke da rubutu da alamar + ita ke kallon sama wajen murfi, amma hotonka shi ne shaida.

Masu Casio, ga abin da ke ruɗa mutane. Wani lokaci ka sa sabon batir fuskar ta ƙi nuna komai, ko ta nuna shirme. Ka duba kusa da batirin za ka ga ɗan wuri da aka rubuta AC. A nan kam ƙarfe ake so: ka sa bakin matsefata ɗaya a wurin, ɗayan a saman batir, na daƙiƙa biyu ko uku. Agogon zai farfaɗo, sai ka saita lokaci.

Rufewa

Nan ne muka yi hasarar agogon mahaifinmu, nan kuma ya kamata ka fi natsuwa. Tsakanin murfi da jikin agogo akwai siririn zoben roba. Ka duba shi da kyau. In ya tsage, ko ya bushe, ko ya saki, a nemo sabo wurin masu gyara. In lafiyarsa lau, ka goge shi ka mayar da shi cikin raminsa, kada ya karkace. Man da ake shafa masa na silikon ne. Basilin da man gyaɗa da man inji duk ɓata roba suke yi.

Murfin dannawa yakan zo da ɗan gurbi a gefe, ka daidaita shi da sandar saita lokaci, sannan ka danna da manyan yatsu biyu ta gefe-gefe har ka ji ƙas. Kada ka danne gilashi a kan tebur, kada kuma ka sa haƙori. In ya ƙi, masu gyara suna da matsi na wannan aiki. Mai ƙusoshi kuwa a ɗaure su a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, ba da ƙarfi ba.

Bayan haka ka lura da shi kwana biyu. Agogon da aka rubuta WATER RESIST kawai yana jure alwala da yayyafi, ba wanka ko tsallake kogi da garke ba. Duk ranar da ka ga raɓa a cikin gilashi, ruwa ya shiga. A buɗe shi a ranar, a cire batir, a bar shi ya bushe. Haka nan agogon da za a ajiye a akwati wata da watanni, a cire masa batir tukuna.

Tsohon batir

Wannan ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Gidajenmu na New Bell cike suke da yara, batir kuma yana ƙyalli kamar alewa. Idan yaro ya haɗiye irin CR2016 ko CR2032 ya maƙale masa a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona masa hanyar abinci, ko da batirin tsoho ne. Kada a jira a ga alama, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti, kamar Laquintinie, a gaya wa likita abin da ya haɗiya. In yaron ya wuce shekara ɗaya, likitoci sun ba da shawarar a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu kowane minti goma a kan hanya, har sau shida, amma kada neman zuma ya jawo jinkiri. Tsohon batir a naɗe shi da salatif, a jefa cikin kwalba mai murfi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba a jefa shi a wuta, ba a yar da shi inda dabbobi ke kiwo.

Daga ƙarshe muna ba duk mai shirin tafiya arewa sayen shanu shawara, idan batirinsa ya haura shekara biyu, ya canja shi a gida cikin natsuwa kafin ya kama hanya. Agogo mai tsada ko na gado kuwa, in za a kai wa mai gyara, a tsaya a kansa, a ga lambar batirin da ya sa, a ga zoben roba ya koma wurinsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin. Wassalam.