Koke Ta Waya: Ka San Ƙofar Da Kake Ƙwanƙwasawa

Mutumin Kara ta ƙaramar hukumar Gwarzo da ke da matsala da hukuma ya san hanyarsa tun da can: mai unguwa, dagaci, hakimi a Gwarzo, in abin ya faskara ya hau mota ya bi ta Rimin Gado da Kabuga ya shiga birnin Kano da takardarsa a aljihu. Yanzu an ce masa ba sai ya je ba, daga wayarsa ma zai iya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Rashin sanin sharaɗin nan ne ke kashe koke tun bai isa teburin kowa ba, wani lokacin ma har ya jawo wa mai shi asara.

Abu na farko da ke ruɗa mutane shi ne tara sa hannu. Za a turo maka a WhatsApp a ce ka shiga Change.org ka sa sunanka, in an kai mutum dubu kaza dole gwamnati ta gyara hanya. Wannan "dole" ba tamu ba ce. A Birtaniya ne majalisa ke da shafinta na koke, inda sa hannu 10,000 ke sa gwamnati ta ba da amsa, 100,000 kuma a duba yiwuwar muhawara. Ta nan aka bi har 'yan majalisarsu suka tattauna batun zanga-zangar EndSARS a Nuwamban 2020. A Najeriya ba wata doka da ta tilasta wa gwamna ko ciyaman ya ko kalli irin wannan jerin sunayen. Inda tsarin mulkin 1999 ya ba wa yawan sa hannu ƙarfi shi ne kiranyen ɗan majalisa, a sashe na 69 da na 110, shi ma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance su. An gwada shi a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, a wajen tantancewa maganar ta mutu. Tara sunaye yana jawo hankalin 'yan jarida, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya buɗe maka fayil a ko'ina.

Masu buɗe fayil suna nan, kuma wasunsu sun girmi intanet. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya, ɗan Kano ne ma ya fara shugabantarta, Ɗan Masani Yusuf Maitama Sule. Tana da ofis a Kano, ba ta karɓar ko sisi, tana sauraron ɗan fanshon da aka riƙe wa haƙƙi ko ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai dokarta ta ɗaure mata hannu: ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma in ka bari wata goma sha biyu suka wuce da faruwar abin, ka makara. Jihar Kano ita ma tana da tata, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci, mai aiki da dokar 2008, ita ce ta fi kusa da rigimar fili ko ta ma'aikacin ƙaramar hukuma. Wuta kuwa, KEDCO ake fara kai wa, a ba ta kwanakin aiki 15, sannan a ɗaukaka zuwa NERC. Kuɗinka ya maƙale a banki bayan ka tura ta POS? Bankin za ka fara rubuta wa, in mako biyu ya cika shiru, sai sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Kamfanin waya ya cinye maka kati, ka kira shi, in ya ƙi ka kira 622, layin NCC ne, kyauta. Duk waɗannan na sama tambayarsu ɗaya ce: ina lambar koken da ka shigar a ƙasa? In babu, sai su maido ka baya.

Sannan yadda ake rubutun. Mu ce taransifomar unguwa ta ƙone. Mai zafin rai zai cika shafi da "an mai da mu saniyar ware, Allah ya isa". Ma'aikacin da ya buɗe saƙon ba zai san ko wace unguwa ba ce, balle ya tura wa injiniya. Abin da yake nema kaɗan ne: sunan unguwa da mazaɓa, Kara, ƙaramar hukumar Gwarzo, ranar da ta ƙone, lambar mita ko lambar da ke jikin takardar kuɗin wuta, hoton taransifomar, ranar da aka kai rahoto ofishin yanki da abin da aka ce, da abin da ake so a yi, a gyara ta, a kuma daina turo bil na watannin da ba wuta. Matsala guda a koke guda. In ka haɗa wuta da taki da rufin makarantar firamare, ka ba wa kowa damar cewa ba nasa ba ne.

Da yawa daga cikin dattawanmu shagon kwamfuta suke zuwa a cike musu, kuma a nan ake yin ɓarnar da ba a lura da ita. Yaron shago ya zo gurbin imel, ya ce, "Baba, kuna da imel?" Baba ya ce a'a. Don ya huta, sai ya sa nasa, har da lambar wayarsa. Bayan mako uku hukuma ta nemi ƙarin bayani, saƙon ya faɗa cikin akwatin yaro, ba wanda ya buɗe, aka rufe fayil, Baba yana gida yana cewa an yi watsi da shi. Ka tsaya a kansa ya sa lambarka. In ba ka da imel, a sa na ɗanka ko ƙaninka da kake gani kullum. Kada ka tashi sai an buga maka shafin ƙarshe mai lambar koke a takarda, a kuma goge hoton katinka na ɗan ƙasa daga kwamfutar.

Ɓarayi su ma sun gano kasuwar. Saƙo ne zai zo da tambarin gwamnati, wai an buɗe shafin koke da tallafin manoma, ka cike yau, ka tura wa mutum ashirin. Shafukan hukumomin gwamnati yawanci da .gov.ng suke ƙarewa, ka duba adireshin da kyau kafin ka latsa. Wata hukuma takan nemi lambar NIN don ta san kai ne, amma ba wadda za ta nemi lambar sirrin katin ATM, ko lambar da banki ya turo maka ta tes, ko kuɗin "buɗe fayil". Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin ukun nan, asusunka yake so.

Saura maganar harshe. Abin da ka rubuta wa hukuma da hujja daban, abin da ka watsa a Facebook da TikTok daban. Kotuna a Kano sun sha hukunta matasa kan ɓata suna a waɗannan kafafe, kuma dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗauri ga wanda ya kai ƙarar ƙarya da gangan. Ka rubuta abin da ka gani da abin da takarda ta nuna. "An ce ya ci kuɗin" ba hujja ba ce.

In wa'adin da aka ɗiba ya cika ba amsa, ka sake rubutawa da lambar nan a saman saƙon. In har yanzu shiru, ka buga koken kofi biyu ka kai ofishin da ƙafarka, a karɓi ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka dawo da shi gida. Da wannan kofin za ka tunkari hukumar da ke sama, ko ɗan majalisarku na Kabo da Gwarzo, tunda a majalisa ta hannun mamba ake gabatar da koken jama'a kafin a miƙa wa kwamiti.