Dara Da Sauran Wasannin Zaune A Ƙasar Ikara, Maƙarfi Da Kudan

Duk wanda ya ratsa garuruwan arewacin ƙasar Zazzau da rani, watau kamar Paki da Gimi da Hunƙuyi, da wuya ya rasa ganin mutane sun yi da'ira a gindin bishiya bayan sallar la'asar, sun sunkuyar da kai ƙasa. Mutanen nan manoma ne, waɗansu sun wuni wajen saran rake ko dahuwar mazarƙwaila, waɗansu a fadamar tumatir. Abin da ya tara su kuwa dara ce.

Dara ba ta bukatar ko kwabo. Akan tona gurabe 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6, sa'an nan kowane ɗan wasa ya tanadi 'ya'ya 12, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Da fari sai su riƙa dasawa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'yan su ƙare, daga nan a shiga gusar da su gurbi guda gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya tsame ɗa guda na abokin karawarsa. Sharuɗɗan ke nan a taƙaice, amma gwani tun wajen dasawa yake haƙa wa mutum rami, wanda ba zai farga ba sai ya afka.

Daɗin abin ya wuce mutum biyun da ke fafatawa. 'Yan kallo su ne gishirin wasan: wannan ya yi gyaran murya, wancan ya yi zolaya, a tsakani kuma a ji farashin taki, da wanda aka yi wa haihuwa, da maras lafiyan da ya kamata a je dubawa. A bakin dara malamin makaranta da ɗan dako daidai suke, gama gurbi bai san muƙami ba. Wanda aka cinye yakan tashi a yi masa dariya, gobe ya komo. Nan yaro ke koyon haƙuri da hangen nesa.

Baƙin wasanni ma sun samu masauki. Ludo asalinsa wani wasan Indiya ne, aka yi masa rajista a Ingila, ga shi yau ya shiga har cikin gidaje wurin mata da yara. Whot ma daga Ingila ya fito a 1935. Dirafti mai gidaje 100 kuwa ya fi karɓuwa a tasha da bakin kasuwa. Kada kuma a ce abin wasan banza ne, domin a 2015 Wellington Jighere, ɗan Nijeriya, ya zama zakaran duniya na Scrabble a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

To, amma akwai abin dubawa. Da zarar an ɗora kuɗi, wasa ya zama caca, kuma abin da malamai da iyaye ke ƙyama ke nan, tare da shagalar da ke sa a bar salla ta wuce. Ga kuma wayar hannu, wadda ta mai da ludo abin da yaro zai yi shi kaɗai a ɗaki. Idan dattawan da suka iya dara suka ƙare ba su koyar ba, da zaman da hirar duka za su bi su.

Saboda haka ya kyautu makarantun sakandare na waɗannan ƙananan hukumomi uku su sa dara cikin wasanninsu na shekara, a gayyato gwanayen ƙauye su yi alƙalanci. Fili dai akwai, tsakuwa kuma ba saye ake yi ba.