Zomo da Maratayinsa

Waɗanda suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa sun san dabbar nan ciki da waje. A gidajen Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, inda yara ke haɗa keji da katako da ragar waya a bayan ɗaki, ƙorafin ɗaya ne: "Ni ke ba shi dusa, ni ke tsinto masa ganyen latas a kasuwar Tarauni, amma da na miƙa hannu sai ya zille." Har wasu su kira shi butulu. Tsoro ne ke ɗawainiya da shi, kuma tsoron gado ne.

Zomon da muke kiwo dabam yake da na dajinmu, wanda mafarauta ke bi da karnuka har aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kakannin na gida daga Sifaniya da Fotugal suke, masu haƙa rami su kwana a ƙarƙashin ƙasa. Can ma kowa nemansu yake, gaggafa ta sama, yanyawa ta ƙasa. Irin wannan dabba, ƙafarta ba ta barin ƙasa sai ranar da ajali ya zo. Kyanwa takan ɗauki ɗanta da baki ta sauya masa wuri, shi ya sa yake lafewa idan an ɗaga shi. Uwar zomo ba ta yin haka. Sau ɗaya ko biyu a rana take leƙa 'ya'yanta, ta shayar da su na 'yan mintoci, ta fice. To a ina zai koyi cewa ɗauka ƙauna ce?

Dubi idanunsa. A gefen kai suke, yana hangen kusan duk kewayensa har da sama, amma dab da hancinsa akwai inda ba ya gani. Hannun da ya sauko masa bagatatan, a wurinsa shaho ne ya kawo sura. Sai ka ga ya buga ƙafar baya da ƙasa, tim, ya shige lungu, hanci na rawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗauka ta kunne. Kunnen nan cike yake da jijiyoyin jini, ta nan yake fitar da zafin jiki, balle a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Ƙashinsa kuma ba shi da kauri, duka-duka kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ne na nauyin jikinsa, ga cinyoyi masu ƙarfi. Idan yana reto a sama ya yi harbi ɗaya, yana iya karya gadon bayansa, ƙafafun baya su mutu. Wanda kuma aka kwantar rigingine ya yi tsit, ba daɗi yake ji ba, sandarewa ya yi don firgita.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wannan zancen na daji ne. Na gida daga zaune ake samunsa. Bayan La'asar, rana ta yi sanyi, lokacin da yake fitowa kiwo, ka shimfiɗa tabarma, ka riƙe ɗan ganyen karas, ka yi shiru. Zai zo ya sansana, ya koma, ya sake dawowa. Ran da ya yarda, ka shafa goshinsa kawai. In ɗaukar ta zama dole, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu, ka manna shi da jikinka, kana durƙushe.

Iyaye, don Allah ku nuna wa yara wannan tun ranar da aka kawo zomo gida, kuma ku hana su kama shi ta kunne.