Labarin Nana Asma'u Da Malfar Jajinta

 Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, yau za mu ɗauko zancen wata mace wadda kowa ya san sunanta, amma kaɗan ne suka san wahalar da ta sha da aikin da ta bari, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su baki ɗaya.

Tun kafin a haife ta an yi gardama a kan karatun mata. Sa'ad da Shehu ke yawon wa'azi, mata na zuwa su zauna a gefe suna saurare. Wani malami, Mustafa Goni, ya ga abin bai yi masa ba, ya rubuto waƙa yana zargi, wai an haɗa maza da mata wuri guda. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Gundarin amsar kuwa shi ne, barin mata cikin jahilci, ba su san farillan addininsu ba, shi ya fi girman laifi, kuma in an haɗu da ɓarna biyu sai a ɗauki mai sauƙi. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi, sabo da suna tara almajirai a zaure safe da maraice, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. Ya ce neman suna ne ya sa su haka. Duk malamin da ya ji wannan magana ta taɓa shi, to, da Shehu ya ke jayayya.

A cikin wannan gida aka haifi Asma'u a Degel, shekara ta 1208 ta Hijira, daidai da 1793. Tagwaye ne ita da Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma uban ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin Hijirar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Tana da shekara goma da 'yan kai aka yi ƙaura daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da tashi daga sansani zuwa sansani, har aka ci Alƙalawa a 1808. Duk da haka karatu bai yanke ba, gama littattafan Shehu ma a kan raƙuma aka yi ta yawo da su. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, ga inda hikimarta ta bayyana. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata, waɗansu zawarawa, waɗansu an kamo su daga Gobir da sauran wurare, ba su san kome ba sai bori. Matar aure ba ta iya barin ɗakinta ta tafi neman ilmi, malami namiji kuwa ba ya shiga wurinta. Da wani ne sai ya yi wa'azi a kan bori ya tashi. Ita sai ta duba ta ga waɗanda al'ada ba ta hana su tafiya ba, watau tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba. Ta zaɓi mace mai hankali da amana daga kowane gari, ta naɗa ta Jaji. Ku fatake kun san ma'anar kalmar, jaji shi ne mai jan ayari. Ta ba kowace Jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfar nan kuwa da ma alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Asma'u ba ta ƙone alamar ba, ta ɗora ta a kan malama, don matan ƙauye su ga girman da suka saba gani, amma ya koma hannun mai karantarwa.

Waɗannan su ne 'Yan Taru. Su kan taso a ƙasa ƙungiya ƙungiya, Jaji na gaba, su zo da 'yar sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko ƙyalle, ita kuma ta rarraba wa miskinai da marasa lafiya. Ta kan zaunar da su ta biya musu waƙa har su riƙe, su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna biya wa matan kulle. Don haka ne ta zuba ilminta cikin waƙa, gama mai daka da mai kaɗi ba ta da hannun riƙe takarda, amma bakinta na iya maimaitawa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙa guda, ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fillanci zuwa Hausa, ta kuma jera sunayen salihan mata tun daga matan Annabi har zuwa na ƙasarta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne marsiyyarta. Mace ce da ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, amma ta zauna ta yi wa maƙwabciyarta Halima da Jajinta Hauwa'u tasu, tana yabon haƙurinsu da sulhunta mutane da suka riƙa yi. Su wane ne a cikin malamanmu suka taɓa ɓata tawada a kan tsohuwar ƙauye?

Na kan ji mai dukiya ya ce, mece ce ribar karatun 'ya mace, tun da gidan wani za ta? Sai in ce ya tuna ranar rabon gado. Matar da ba ta san tumuninta ba, da 'yar da ba ta san rabonta ba, su a ke fara dannewa, kuma dukiyar tasa ce za a ci a gabansu.

Asma'u ta rasu a 1280, watau 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da naɗa Jaji. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su kula da 'Yan Taru ba, matan kuwa ba su daina zuwa ba. Sai daga baya wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta zauna da Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyar Asma'u, ta ga takardun da gidan ya adana, ta fitar da tarihinta a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga rubuce-rubucenta a littafi guda, wajen sittin.