Mata Ke Aikin, Wa Ke Riƙe da Asusun?

Duk wanda ya san yadda aikin agaji ke gudana a kudancin Katsina ya san ƙafar mace ce ke kai shi cikin gida. A Ruwan Godiya, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Faskari, da sauran garuruwan Ƙanƙara da Sabuwa da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, baƙo namiji iyakarsa zaure. Mace ce ke yin sallama ta wuce, ta ɗaura wa yaro ma'aunin nan mai launi uku a damtse ta ga ko ya faɗa ja, ta gane matar da aka kashe wa miji wadda kunya ta hana fitowa layin rabon abinci, ta san gidan da ya sauki 'yan gudun hijira alhali hatsin rumbunsa ba zai kai damina ba. Amma a buɗe takardun ƙungiyar da ta aike ta, a duba sunayen amintattu da na masu sa hannu a asusun banki, da wuya a ga irinta. Abin da ake ba ta shi ne kujerar "shugabar mata", wadda aikinta bai wuce tara mata ranar da baƙi za su zo daga Katsina ko Abuja ba, sai kula da girkin taro. A ganina wannan rabo asara ce ga ƙungiyoyin kansu tun kafin a zo maganar adalci, kuma maganinsa shi ne a miƙa wa mata muƙaman da kuɗi da yanke shawara ke bi ta kansu.

Kwamitin amintattu ba majalisar karramawa ba ce, ko da yake haka da yawa suka ɗauke shi. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ƙungiya mai zaman kanta tana yin rajista a hukumar CAC da sunan amintattunta, mutum biyu ko fiye, a buga sunayensu a jarida, a saurara kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Su ke riƙe da dukiyar ƙungiya, su za a tuhuma idan kuɗi ya salwanta. A teburinsu ake zaɓa tsakanin sayen mota da biyan alawus ɗin 'yan sa-kai, a can ake tsayar da wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse da sa'ar da za a yi rabo. Idan babu wadda ta san cikin gida a wannan teburi, sai a sa rabon ranar kasuwa da tsakar rana a ƙofar gidan dagaci, inda matar aure ba za ta iya tsayawa ba, kayan su ƙare a hannun masu ƙarfin kutsawa, rahoto kuma ya ce an kai ga mabukata. Kwamitin ne kuma ke ɗaukar ma'aikata, shi ya sa mace kan shekara goma tana aikin sa-kai a kan ɗan alawus, a ɗauko saurayin da ya gama bautar ƙasa jiya a ɗora shi a kanta.

Shaidar abin da matan nan ke iyawa ba a nesa take ba. Bayan ƙauracewa allurar shan inna da aka yi a Arewa a 2003, abin da ya dawo da amincewar iyaye, tare da sa bakin sarakuna da malamai, shi ne dubban mata 'yan unguwa da UNICEF ta horar suna bi gida gida, suna halartar suna, suna riƙe da lissafin kowane jariri, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a watan Agusta na 2020. Haka ƙungiyoyin iyaye mata suka yi a shirin ilimin 'ya'ya mata da ya gudana a Katsina da wasu jihohi daga 2012 zuwa 2022. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, tsoron da ya shiga zukatan iyaye ba sanarwar gwamnati ke cire shi ba, uwa ce ke lallashin uwa 'yar'uwarta.

Za a ce addini da al'ada ba su yarda mace ta zauna a irin wannan majalisa ba. Mai faɗin haka ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajoji tana ɗora musu malfa, dattijai mata da ke jagorantar ayari daga ƙauyuka zuwa wurinta su koma da karatu. Ba ta rushe kulle ba, ta zaɓi matan da shekarunsu suka ba su damar tafiya, ta ba su iko na gaske. FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya A'isha Lemu a matsayin Amira ta farko, shekara arba'in ke nan tana gudanar da makarantu da asibitoci da kuɗinta a hannun mata. Ko a nan maƙwabta, shari'ar Amina Lawal da ta faro a Bakori a 2002 ta bi ta Funtuwa, ƙungiyoyin da mata ke jagoranta, WRAPA da BAOBAB, su suka tsaya mata, kuma da hujjojin fiƙihun Malikiyya lauyoyinta suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina a Satumban 2003.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: idan aka ware wa mata kaso, matan manya ne za su cinye shi. Gaskiya ne. Ko a Norway, wadda ta yi dokar kashi 40 cikin ɗari a kwamitocin manyan kamfanoni a 2003, an koka cewa wasu 'yan tsirarun mata ne suka tara kujerun. Mu ma mun ga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida na 1987 da na tallafa wa iyali na Maryam Abacha, kowanne ya bi mulkin maigida ya tafi. Sai dai WRAPA ma uwargidan shugaban ƙasa ce ta kafa ta, Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, a 1999, ga shi tana nan, saboda an gina ta a kan kwamiti da tsarin mulki da ƙwararriyar sakatariya irin Hajiya Saudatu Mahdi. Don haka abin dubawa shi ne wace mace, a wace kujera. Hajiyar da ke Abuja, wadda rabonta da Faskari tun bikin ƙanwarta, ba ta cike gurbin ungozomar da ke gundumar.

Batun rashin boko bai kamata ya ɗauke mu lokaci ba. Uwar adashi tana riƙe da kuɗin mata talatin ta san zubi da kwasar kowa, ba a ji an kai ta gaban alƙali ba. Alhazan da ke cike da kwamitoci ma ba akantoci ba ne, akawu suke ɗauka. Kuma yankin bai rasa malaman makaranta da jami'an lafiya mata da suka yi ritaya ba.

Tsaro ne ƙorafin da ba a amsa shi da baki kawai. A inda masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke cikin gari, a ce wance ce ma'ajin ƙungiya tamkar an nuna ƙofar gidanta ne, kuma mijin da ya hana matarsa karɓa ba lalle ne ya zama azzalumi ba. Amma matar tana cikin haɗarin tun da can, ita ce ke hawa babur zuwa ƙauye, abin da ta rasa kawai shi ne ikon cewa yau hanyar ba ta biyuwa. Ana iya rage barazanar: kada a ajiye tsabar kuɗi a gidan kowa, a yi taro da hantsi a tashi kafin la'asar, a biya kuɗin motar ta da na mai rakiya daga asusun ƙungiya. Kada a dogara ga waya kaɗai, domin a 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

Yanzu da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, ƙananan ƙungiyoyi za su koma ga zakka da waƙafi da karo-karon 'yan gari, kuɗin da ba ya fitowa sai daga hannun wanda ya yarda da mai karɓa. Ƙungiyar ci gaban gari, da kwamitin makaranta, da na asibitin gunduma, kowanne na iya rubutawa a tsarin mulkinsa cewa cikin masu sa hannu uku a asusu dole ɗaya ta zama mace mazauniyar gundumar, kuma kuɗi ba ya fita sai da hannunta. Wannan ba ya jiran majalisar tarayya, wadda ta yi watsi da ƙudurorin mata biyar a Maris na 2022. Babban taron ƙungiya ɗaya ya isa a zartar da shi, a kai wa banki takarda.